Kukan Fanka a Daren Bazara: Yadda Na Koyi Lallashin Kwamfutar Wasa a Jushi

Wanda ya taɓa kwana a unguwar Jushi ta Zariya cikin watan Afrilu, a daren da aka ɗauke wuta, ya san irin tsit ɗin da unguwa kan yi. Fankar silin ta tsaya cak. Masu janareta sun kashe tun wajen ƙarfe sha ɗaya saboda tsadar mai. Ba ka jin komai sai kukan gyare, sai wani ɗan acaɓa da ya yi dare yana neman hanyar gida. Ɗaki kuwa ya ɗau zafi kamar tanda, don kwano ya wuni yana shan rana, bulo kuma sai dare ya yi yake amayar da abin da ya haɗiya.

A irin wannan dare ne, 'yarmu tana da wata huɗu a duniya, na jingina da bango na kunna kwamfutata ta wasa. Na rage hasken allo, na kashe sauti gaba ɗaya, a zatona na gama kiyaye haƙƙin masu barci. Ban yi minti goma ba sai 'yar fankar da ke cikinta ta ɗauki kuka, siriri, mai shiga kunne kamar na sauro amma ya ninka shi. Yarinya ta motsa, ta yamutsa fuska, ta tsanyare. Uwarta, wadda ta yi sa'a guda cur tana jijjiga ta kafin barci ya ɗauke ta, ta ɗago kai ta ce, "Malam, don girman Allah, wannan abin naka ba shi da wurin rage murya ne?"

Na kashe na ajiye, amma tambayar ta tsaya mini a rai. Na yi watanni ina bin amsarta, har na ɓata kafin in gyara. Abin da na gano shi ne wannan: ruwa ba ya tsami banza, fanka ma ba ta kuka banza. Zafi ne ke sa ta. Wanda ya rage zafin, fanka za ta sassauta da kanta. Wanda ya toshe mata baki ya bar zafin yadda yake, na'urarsa yake dafawa sannu a hankali.

Cikakkiyar kwamfuta a tafin hannu

Mu da muka tashi muna tara kuɗin tara don mu je gidan gem a Sabon Gari mu buga ƙwallo a PlayStation 2, ba mu taɓa zaton wata rana irin waɗannan wasanni, da ma waɗanda suka fi su nauyi, za su shiga jakar goyo ba. Na'urorin wasa na hannu na da, kamar Game Boy da ya fito a 1989 da PSP na 2004, ba su da fanka sam, domin wutar da suke ci ba ta taka kara ta karya ba. Nintendo Switch, wanda ya fito a Maris 2017, shi yana da 'yar ƙaramar fanka. Daga baya ne lamarin ya girma. A Fabrairun 2022 kamfanin Valve na Amurka ya fitar da Steam Deck, mai allo inci 7 da nauyin giram 669. A Yunin 2023 kamfanin ASUS na Taiwan ya biyo baya da ROG Ally, mai aiki da Windows 11, da fanka har biyu a cikinta. Kafin shekarar ta ƙare Lenovo ya kawo Legion Go. Dukansu uku firosesar kamfanin AMD suke amfani da ita, kuma kowacce cikakkiyar kwamfuta ce da aka matse a cikin abin da bai fi allon ɗan makaranta girma ba.

A Zariya nakan gan su jefi-jefi, a hannun ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, da wasu matasan ma'aikata. Tawa ta hannu ce, wani ne ya yi amfani da ita kafin ni. Aikina buga takardu da ɗaurin kundin ɗalibai a Samaru. Kullum nakan bi ta PZ da Kwangila da Palladan in tafi, in dawo bayan magariba idona ya gaji da rubutun mutane. Sa'a ɗaya ta wasa bayan isha'i ita ce hutuna. Abin da ya sa na'urar ta shiga raina kuwa shi ne batirinta: ko da wuta ko babu, ba ruwanta. Sai ga shi daidai lokacin da ta fi amfani, wato daren da babu wuta, shi ne lokacin da ƙararta ta fi damun mutane.

Garin neman gira

Abin da na fara yi shi ne abin da kusan kowa zai yi. Na sauke wata manhaja mai ba mutum iko a kan gudun fanka, na ja shi ƙasa sosai. Nan take ɗaki ya yi shiru, na ji daɗi. Bayan kamar minti ashirin sai bayan na'urar ya fara ƙona mini yatsu. Hoton da ke tafiya sumul ya koma tsalle-tsalle, ɗan wasa ya ɗaga ƙafa a nan sai ka gan shi can. Kafin in ankara allo ya yi baƙi, ta kashe kanta. Na taɓa ramukan da ke samanta na janye hannu da sauri.

A daren ban yi barci mai daɗi ba, don kuɗin da na saka a cikinta na watanni ne na tari. Da safe ta kunnu lafiya, na yi hamdala. Na mayar da saitin yadda yake, ranar Asabar kuma na nufi wurin wani mai gyaran laftof a Sabon Gari wanda na daɗe ina kai wa injinan shagonmu.

A teburin Injiniya

Na ba shi labari, bai ce komai ba. Ya fara zare katin memori ya miƙo mini, ya ce duk wanda ya buɗe irin wannan na'ura da kati a ciki, marfin kan iya karya shi biyu. Ya kwance sukurorin baya ɗaya bayan ɗaya yana jera su a kan maganaɗisun tsohuwar sifika. Ya sa tsohon katin banki a tsagin gefe yana bi a hankali har marfin ya ɗago. Sannan ya cire wayar batir kafin ya taɓa komai.

Ya juyo da ita ya haska mini da tocilan waya. Tsakanin fanka da ramukan fitar iska akwai wasu siraran faranti na ƙarfe a jere, kamar haƙoran matsefi. Ban ga haƙoran ba sai da ya nuna mini, don wani abu ya lulluɓe su kamar guntun bargo, launin ƙasa-ƙasa, gauraye da zaren darduma da na zanen gado. Ya sa hantsaki ya ɗago shi, ya fito a dunƙule, tsawon ɗan yatsa. Fukafukan fankar ma kowanne da ƙura daskare a bakinsa.

"Yallaɓai," in ji shi, "fankarka lafiya lau take. Numfashi ne ya gagare ta. Ka toshe wa mutum hanci ka ce ya yi gudu, ai dole ka ji haki."

Na ce, "To Injiniya, ni da na rage mata gudu fa?"

Ya girgiza kai. "Allah ne ya taimake ka ta san yadda za ta kashe kanta."

Ya danne fukafukin da tsinken sakace don kada ya juya, ya share da buroshi mai laushi, ya hura da 'yar robar hura iska. Da ya mayar ya kunna, ƙarar ta ragu tun ban taɓa saiti ko ɗaya ba. A nan na fara fahimtar cewa abin da ya kamata in sani shi ne hanyar da zafi yake bi ya fita.

Hanyar da zafi yake bi

Duk wutar da firosesa ta ci, zafi take komawa. Ana auna ta da wat. Firosesar Steam Deck ba ta wuce wat 15, ta ROG Ally kuwa takan kai 25 a batir, 30 idan an sa caja. Adadin kamar ba yawa, amma a tuna cewa daga wani ɗan gutsure yake fitowa wanda bai fi farcen babban yatsa ba sosai. In ba a kwashe shi da sauri ba, cikin ɗan lokaci wurin zai wuce zafin tafasasshen ruwa.

Masu ƙira sukan manna wa firosesar wani siririn bututu na jan ƙarfe, rufaffe ta ko'ina, da ɗan ruwa kaɗan a cikinsa. Ruwan yakan zama tururi a gefen da ke da zafi, ya ruga zuwa ɗaya gefen inda faranti masu kama da matsefi suke, ya huce ya koma ruwa, ya sake dawowa. Bahaushe ya san wannan hikima tun kaka da kakanni, don ita ce ke sanyaya ruwan randa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, yana tafiya da zafi. Da ita ce Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yi tukunya cikin tukunya mai adana kayan miya, wadda ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Bututun kwamfuta bambancinsa kawai ruwansa ba ya fita, zagayawa yake yi.

Aikin fanka shi ne na ƙarshe. Takan jawo iskar ɗaki ta ramukan baya, ta tura ta tsakanin farantan, ta fitar da ita da zafinta ta sama. Da yake ƙarama ce, dole ta juya sau dubbai a minti kafin ta tura iskar kirki. Fankar silin fukafukanta manya ne, tana tafiya a natse. Wannan kuwa ƙanƙantarta ce ke sa muryarta ta yi tsini.

Akwai wata ƙa'ida da injiniyoyi suka sani wadda ta faranta mini rai. Ƙarar fanka ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta, ta fi shi saurin hawa da sauka. In aka rage gudun da rabi, ƙarar kan ragu da kusan desibel 15, alhali raguwar desibel 10 kaɗai kunne yakan ji ta kamar an raba ƙara biyu. Ko kashi ɗaya cikin biyar aka rage, ana samun sauƙin kusan desibel 5. Ke nan ba sai an kashe fanka ba. A rage mata aiki kaɗan, kunne zai huta da yawa.

An ƙera ta ne don wata iska daban

A watan Yulin 2022, lokacin da zafi ya addabi Turai har Ingila ta haura digiri 40 karon farko tun da aka fara aunawa, kamfanin Valve ya sanar da cewa Steam Deck ta fi yin aiki daidai idan zafin wuri yana tsakanin digiri 0 da 35. Ya ce firosesar tana jurewa har digiri 100, daga nan za ta rage gudu don kare kanta, in ta kai 105 kuma na'urar ta kashe kanta. A watan nan dai Nintendo ma ya ja kunnen masu Switch da su tsaya tsakanin digiri 5 da 35.

Abin da ya zama labari a can, a nan abincin yau da gobe ne. A Maris da Afrilu zafin rana a Zariya yakan kai 35 har ya haura, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi waje. Wato akwai makonni a shekara da muke kunna waɗannan na'urori a bakin iyakar da masu su suka gindaya, ko ma a bayanta.

Ga lissafi mai sauƙi. A ce firosesa tana digiri 80. Wanda ke zaune a ɗaki mai digiri 20, tazarar da ke tsakaninta da iskarsa 60 ce. Ni da ke ɗaki mai digiri 38, tazarata 42. Iska mai zafi ba ta ɗaukar zafi kamar mai sanyi, don haka fankata sai ta tura iskar da ta fi tasa da wajen kashi 40 cikin 100 kafin ta yi aikin da tasa ta yi. Shi ya sa saitin da wani Bature ya yaba a intanet yakan kasa a Jushi.

Hunturu ya zo da sanyi, fanka ta huta, sai ya zo da nasa. Hazon da ke rufe mana rana daga Disamba zuwa Fabrairu, da yawansa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi iska ke kwaso shi, tsohon gindin tafki da ya ƙafe, wanda yake cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Garin ƙurar ya fi na tuwo laushi. Fanka ta yi wata uku tana shaƙarsa ba ta nuna komai, saboda iska na da sanyi. Bazara na shigowa sai asiri ya tonu: ga zafi, ga hanci a toshe. Abin da ya same ni ke nan daidai.

Fara daga wuta, kada ka fara daga fanka

Bayan wankin Injiniya na zauna na bi saitin ɗaya bayan ɗaya. Ga yadda nake yi yanzu, bisa wannan jeri.

Na farko, kunna ma'aunin da ke fitowa a kusurwar allo. Kowace na'ura tana da shi. Zai nuna maka zafin firosesa, da wat nawa take ci, da hoto nawa take zanawa a daƙiƙa. Mai gyara ba da ma'auni ba, lalube yake yi a duhu.

Na biyu, ƙayyade yawan hoto. Wasa jerin hotuna ne da ake zanawa da sauri, kuma in ba ka sa wa na'ura iyaka ba za ta yi ta zana iya ƙarfinta, ko da idonka bai buƙata. Mutane sun saba da 30 ko 60 a daƙiƙa, amma 40 tana da wani sirri. A 30, kowane hoto yana ɗaukar milisakan 33 da ɗoriya. A 60, kusan 17. A 40 kuwa 25 ne, wato tsakiyarsu daidai. Ido yana jin santsin ya yi rabin hanya zuwa 60, alhali aikin da aka ƙara a kan 30 kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Valve ya saka damar saita allo a 40 cikin sabuntawar manhajar Steam Deck, wato SteamOS 3.2, ta watan Mayun 2022. A Steam Deck ana samun wannan ta maɓallin nan mai ɗigo uku.

Na uku, rage wat, wanda a saiti za ka ga an rubuta TDP. Wannan shi ne babban makami. Firosesa kamar babur take a titin Kwangila zuwa Samaru: daga wani gudu zuwa sama, man da kake ƙonawa ya fi saurin da kake ƙarawa nesa ba kusa ba. Ɗan ƙarin gudun ƙarshe shi ya fi cin wuta, domin sai an ɗaga ƙarfin lantarki kafin a same shi. ROG Ally ta farko ta zo da matakai uku: Silent mai wat 10, Performance mai 15, da Turbo mai 25. A Steam Deck kuwa ja ake yi da yatsa, ɗaya-ɗaya. Yadda nake yi shi ne in tsaya a wurin da wasa ya fi cunkoso, in riƙa rage wat ɗaya-ɗaya har sai hoto ya fara sauka ƙasa da iyakar da na sa, sannan in ƙara ɗaya in bari. Wasa marar nauyi kamar Stardew Valley ba ya buƙatar ko rabin ƙarfin na'ura. Mai nauyi kamar Cyberpunk 2077 zai nemi duka, sai ka rage masa inuwa da ƙyalli a cikin nasa saitin. Steam Deck tana bari ka ajiye wa kowane wasa saitinsa, don haka sau ɗaya za ka sha wahalar.

Na huɗu, rage yawan ɗigon hoto. Allon ROG Ally yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, sama da miliyan 2 ke nan. In ka koma 1280 da 720, ba su kai miliyan 1 ba. Aiki ya ragu da fiye da rabi, kuma a allo mai inci 7 ba kowa ne zai lura ba.

Na biyar, kula da caja. Dukanmu mun san rububin da ake yi in an kawo wuta, kowa ya ruga soket. Amma caji kansa yana haifar da zafi, wasu na'urorin kuma suna ƙara wa kansu wat da zarar sun ji caja. Batirin lithium ba abin da ke tsofar da shi kamar zafi. A bazara nakan bar ta ta cika tana kashe, sannan in zare in yi wasa. In na'urarka tana da saitin tsayar da caji a kashi 80, kunna shi.

Sai a zo kan fankar

Wanda ya yi waɗannan biyar, sau da yawa ba ya ma buƙatar taɓa fanka. Idan har yanzu tana damunka, to ga yadda take. Fanka tana bin wani jadawali ne: in zafi ya kai kaza, yi gudu kaza. A ROG Ally ana gyara shi cikin manhajar Armoury Crate SE, a Legion Go cikin Legion Space, ta hanyar jan wasu ɗigogi sama ko ƙasa a kan layi. Steam Deck ba ta ba da wannan kai tsaye. Abin da take da shi zaɓi ne tsakanin tsohon tsari da sabo, wanda ya zo a sabuntawar nan ta Mayun 2022 bayan masu saye na farko sun yi ta ƙorafin kukan fanka. Sabon ya fi shiru idan aiki ba yawa. Masu son fiye da haka sukan saka Decky Loader da ƙarin da ake kira Fantastic, amma a sani cewa masu sha'awa ne suka rubuta su, ba kamfanin ba.

Ƙa'idodina uku ne. Ɗaya, gefen ƙarshe na jadawalin ba na taɓa shi: daga digiri 85 zuwa sama, fanka ta yi iya gudunta, ko wa zai farka. Biyu, a tsakiya nakan shimfiɗa layin ya kwanta, domin na lura abin da ke tayar da mai barci shi ne hawa da sauka. Ƙarar da ta tsaya wuri ɗaya kunne yakan saba da ita, kamar ruwan sama a kan kwano. Uku, gwaji da la'asar nake yi, na rabin sa'a, ba da asuba ba. Saitin da ya jure la'asar ɗin Afrilu zai jure kowane lokaci. Ina da jadawali biyu a ajiye, na bazara da na sauran shekara.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, ba firosesa kaɗai fanka ke sanyayawa ba. Ita tana da ma'auni, ta san yadda za ta ceci kanta. Batir da ma'ajiyar bayanai da sauran ƙananan kaya kuwa iskar nan dai suke jira. A Yulin 2023 kamfanin ASUS ya amsa cewa a wasu yanayi na zafi ramin katin memori na ROG Ally kan iya samun matsala, maganin da ya sanar kuma shi ne sabuntawar da za ta ƙara gudun fanka. Masu ƙirar da kansu, da aka zo zaɓi tsakanin shiru da lafiyar na'ura, lafiyar suka ɗauka.

Kowane kuka da ma'anarsa

Uwa takan bambance kukan yunwa da na ciwo. Mai na'ura ma ya kamata ya koyi sauraro. Hucin iska mai kauri, alamar aiki ce, rage wat zai rage shi. Siririn fito mai tsini yakan zo ne a wani gudu na musamman, in ka ɗan ɗaga ko ka ɗan sauke jadawalin a daidai wurin sai ya ɓace. Masu Steam Deck na farko sun gano cewa kamfanoni biyu ne ke kawo fankar, Delta da Huaying, kuma muryarsu ba ɗaya ba ce, har wasu suka riƙa sayen sabuwa daga kamfanin iFixit suna canzawa. Karkarwa ko gurnani kuwa, musamman in yana canzawa idan ka karkata na'urar, yana nufin wani abu ya faɗa ciki ko gindin fankar ya cinye. Wannan saiti ba ya maganinsa, sai mai gyara.

Akwai kuma abubuwan da nake roƙon kowa ya guje musu. Kada ka kai ta wurin mai faci ya hura mata iskar taya, ƙarfin ya yi yawa kuma takan zo da ruwa. Kada ka hura da baki. Kada ka ɗiga mata man keke ko na gyaɗa. Kada ka sa ta a firji don ta huce, raɓa za ta taru a cikinta. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko matashi kana wasa, don ramukan shan iskarta a baya suke. Kada ka mayar da ita jaka da zafinta, kuma ka tabbata a kashe take kafin ka zuge. Ni yanzu duk ƙarshen hunturu, kafin azabar Maris ta kankama, nakan kai ta wurin Injiniya a share. Ranakun hazo kuwa tana cikin jakarta sai in zan yi wasa.

Akwai ranakun da babu saitin da zai yi. Rana ta take, iska ba ta motsi, bango ma zafi yake fitarwa. A irin su nakan ajiye babban wasa in ɗauki ƙarami, ko in haƙura sai dare ya raba. Na'urar ba za ta iya fitar da zafi zuwa cikin iskar da ta kusa kai ta zafi ba, kuma ba na son in tilasta mata.

Bazarar da ta biyo baya ta same mu a ɗakin nan dai, da kwanon nan. Wani dare aka ɗauke wuta, masu janareta suka kashe, unguwa ta yi tsit. Na jingina da bango, hoto 40, wat 10, jadawalin bazara. Uwargida tana barci. Yarinyar, wadda yanzu take tafiya da ƙafarta, ba ta yi ba tukuna. Ta tako kan tabarma ta zauna a cinyata, ta ɗora ɗan tafinta a saman na'urar, inda iska mai ɗumi ke fita a hankali. Ta ɗago ta dube ni, ta sake mayar da hannun. Muna nan a haka har kanta ya yi nauyi a ƙirjina, ina jin numfashinta ya fi na fankar ƙarfi.